Godiya a Bakin Ruwa: Rukunin Addu'ar da Kiristocin Ƙasar Yauri ke Tsoron a Manta

Duk wanda tafiya ta kai shi ɗaya daga cikin ƙauyukan gaɓar tafkin Kainji ta wajen Ngaski, ko can sama wajen Shanga inda Kuwara ke gangarowa, a wata ranar Lahadi ta ƙarshen kaka, sa'ad da iskar hunturu ta fara kaɗawa, dawa ta shiga rumbu, shinkafar fadama kuma ta bar masussuka, zai iya tarar da jama'a sun yi jeri tun daga ƙofar majami'a har gaban bagade, kowa yana ɗauke da wani abu daga cikin abin da shekara ta ba shi.

Wannan da damin dawa a ka, wancan da rabin buhun shanshera. Tsohuwa da ƙwaryar gyaɗa, yaro da zakara a hammata, masunci kuwa da kwandon busasshen kifi, tarwaɗa da ƙarfasa, wanda hayaƙi ya gama da shi kwana biyu da suka wuce. Matan Zumunta suna gaba da tulun kiɗa da caki, suna waƙa da Hausa, su juya ta zuwa Kambarci, su sāke komowa. Manoman albasa, waɗanda amfaninsu bai nuna ba tukuna, sukan zo da abin da ya sauƙaƙa, su bar alkawarin sauran sai rani.

In an gama ajiyewa, sai fasto ko mai bishara ya ɗaga hannu, a yi tsit, ya fara addu'a. A ƙauyukan da ba su saki tsohuwar al'ada ba kuwa, addu'ar nan takan daɗe tana lissafta ni'imomi, ruwan sama da lafiyar yara da jiragen da suka tafi kasuwa suka komo, kafin a kai ga roƙon ko da abu guda.

Abin da ya jawo maganar

Wannan tsari na gabatar da godiya kafin buƙata shi ne dattawan ikilisiya da yawa ke kukan yana raguwa, a Yelwa da sauran garuruwan Arewa baki ɗaya. Tsadar rayuwa ta matsa, hanyoyi sun zama abin tsoro, gonakin da ke nesa da gari wasu an bar su don fargabar ɓarayin daji, saboda haka ba abin mamaki ba ne in aka ga taron addu'ar dare ya cika da neman tsari, da neman buɗi, da neman a karya ƙulle-ƙullen maƙiya, har gari ya waye ba a sami sararin ambaton alheri ɗaya da aka riga aka karɓa ba.

A ɗaya gefen kuma, godiyar da ta rage ta fara komawa ranar biki kaɗai, ranar ambulan da lasifika da sabon ɗinki, har talaka ya soma ɗaukar cewa yin godiya a gaban jama'a aikin mai hali ne. Tsakanin roƙon da ya cika wuri da bikin da ya yi tsada, ana tsoron kada ainihin abin ya salwanta, watau zuciyar bawa ta san Mai bayarwa ta kuma faɗa da baki.

Yadda bishara ta iso bakin Kuwara

Yauri tsohuwar masarauta ce ta Musulunci, wadda tarihi ke lissafta ta tun zamanin da Birnin Yauri ke zaman gidan sarauta kafin a koma Yelwa, ƙasa ce kuma mai kabilu da yawa: Gungawa mutanen tsibirai, da Kambari, da Dukkawa, da Shangawa, da Lopawa, da Hausawa da Fulani, da Sarkawa masu sana'ar su. Turawa masu neman sanin inda Kuwara ta nufa sun ratsa ta tun da wuri, gama Mungo Park ya wuce ta nan kafin ajalinsa ya same shi a Busa a 1806, 'yan'uwan nan biyu kuma, Richard da John Lander, sun sauka a Yauri a 1830. Amma waɗannan matafiya ne, ba su dasa ikilisiya ba.

Dashen ya zo ne daga kudu, a hankali, ta hannun mishan da ake kira UMS, wadda wani mutumin Kanada, A. W. Banfield, ya kafa tasharta ta fari a Shonga cikin ƙasar Nupe a 1905. Da yake Turawan mulki ba su cika barin masu bishara su shiga garuruwan sarakunan Musulmi ba, sai aikin ya fi ƙarfi a tsakanin kabilun da ke bin addinin gargajiya: aka buɗe Salka a ƙasar Kambari a 1923, aka buɗe Zuru a 1925, daga baya aka sami tasha a Yelwa, ga kuma asibitin Tungan Magajiya wanda ya yi wa yankin hidima shekaru masu yawa. Daga wannan aiki ikilisiyar UMCA ta fito, wadda hedikwatarta ke Ilorin.

Katolika su ma sun shigo ta hannun limaman ƙungiyar SMA, yau kuwa ƙasar Yauri tana cikin yankin Kwantagora, wanda aka yanke a 1995 aka kuma ɗaga shi zuwa cikakkiyar dayosis a 2020. Fatauci da aikin gwamnati sun kawo Yarbawa da Ibo da mutanen Filato da na kudancin Kaduna, kowa da cocinsa, ECWA da Baftis da Anglika, sa'an nan na Fentikostal a baya-bayan nan. Abin da ya haɗa galibinsu a ƙauye shi ne harshen Hausa, gama tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, bisa ƙoƙarin Likita Walter Miller da abokan aikinsa, da shi ake wa'azi, da shi ake waƙa, ko da yake yanzu an fassara Sabon Alkawari cikin harsunan Kambari.

Masu bisharar ba su tarar da mutanen da ba su san godiya ba. Kabilun wannan yanki sun daɗe da sanin cewa ba a fāɗa wa sabon hatsi da ci sai an fitar da rabon wanda ake ganin shi ya bayar, har yau kuma maƙwabtansu Dakarkari na Zuru suna yin bikin Uhola bayan girbi. Saboda haka da aka karanta musu dokar nunan fari ta littafin Maimaitawar Shari'a, inda manomi ke kai kwandonsa gaban bagade yana tuna yadda Allah ya fitar da kakanninsa daga bauta, ba su ji ta baƙuwa ba. Bikin godiyar kaka irin na coci, wanda ya yaɗu daga Ingila a tsakiyar ƙarni na 19, ya sauka ne a kan ƙasar da aka riga aka yi wa huɗa.

Shekarar da ruwa ya ci gungu

Ba za a fahimci godiyar mutanen bakin tafki ba sai an tuna abin da suka rasa. An fara ginin madatsar Kainji a 1964, ruwa ya taru a 1968, ya zama tafkin da tsawonsa ya kai wajen kilomita 130, ya haɗiye tsohon garin Busa da tsibirai masu yawa da fadamu da kaburburan kakanni. Fiye da mutum dubu 40 aka tayar aka kai sababbin matsugunai, cikinsu har da Gungawa, waɗanda suka gwanance da noman albasa a kan gungu, suna ban ruwa da hannu, suna sanin lokacin farin ruwa na damina da na baƙin ruwa da ke isowa cikin rani daga ƙasashen yamma masu nisa.

Tsofaffin da suka ga wannan ƙaura da idonsu, Musulmi da Kirista da masu bin gargajiya, sun shiga gidajen da ba su suka zana ba, a kan tudun da ƙasarsa ba ta kai ta gungu albarka ba. Amma tafkin da ya ci gonaki ya kawo kifi mai yawa a shekarunsa na fari, kasuwar Yelwa ta bunƙasa, masunta suka taho daga nesa da taru da birgi da mamari, ƙananan ikilisiyoyi kuma suka tsiro a tungaye. A irin waɗannan majami'u na jinka aka koyi yin godiya da zuciyar da ba ta gama makoki ba, wannan darasi kuwa shi ne gādo mafi daraja da tsarar nan ta bar wa 'ya'yanta.

Matsayin godiya cikin addu'a

A koyarwar da ake yi wa masu shirin baftisma, galibi akan kasa addu'a kashi huɗu: yabon Allah saboda zatinsa, furta zunubi, godiya saboda ayyukansa, sa'an nan roƙo domin kai da domin waɗansu. Hikimar wannan jeri a fili take, gama wanda ya fara tuna abin da aka ba shi jiya zai roƙi na gobe da natsuwar ɗa a gaban ubansa, alhali wanda ya buɗe baki da buƙata kaɗai yakan tashi daga durƙuso da irin damuwar da ya durƙusa da ita.

Hujjojin wannan suna da yawa a Littafi. Manzo Bulus ya umarci mutanen Filibi su haɗa kowane roƙo nasu da godiya, ya kuma faɗa wa na Tasalonika su yi godiya cikin kowane hali. Annabi Daniyel, da aka kafa dokar hana addu'a, ya ci gaba da durƙusawa sau 3 a rana, abin da aka rubuta kuwa shi ne yana addu'a yana godiya. Yesu Almasihu da kansa, da taron dubu 5 ke gabansa ba kome a hannu sai gurasa 5 da kifi 2, ya yi godiya tun abincin yana ɗan kaɗan. A daren da za a bāshe shi kuma ya ɗauki gurasa da ƙoƙo ya yi godiya, wannan ne asalin Jibin Ubangiji da galibin ɗariku ke kiyayewa.

Labarin da aka fi jin sa ranar bikin kaka shi ne na kutare 10 da aka warkar, inda ɗaya tak ya komo ya fāɗi a gaban Mai warkarwa, shi ma Basamariye ne, baƙo. Masu wa'azi sukan jawo hankali ga cewa sauran 9 ɗin ba miyagu ba ne, sun yi roƙo da bangaskiya, sun kuma bi umarnin da aka ba su. Abin da ya same su shi ne kyautar ta shagaltar da su ga barin Mai kyautar. Hausawa na cewa yaba kyauta tukwici, kuma tukwicin da bawa ke iya miƙa wa Ubangijinsa bai wuce wannan komowar ba.

Malaman ikilisiya na dā sun ɗauki mas'alar da nauyi. Littafin tambaya da amsa da aka tsara a Heidelberg ta ƙasar Jamus a 1563 ya kasa dukan rayuwar mai bi kashi uku, sanin zunubi, sanin fansa, da godiya, ya kuma sa addu'a a matsayin babban ɓangaren godiyar. A wajen Katolika kuwa, Ignatiyus na Loyola ya koya wa almajiransa su binciki zuciyarsu kowace rana, matakin farko na binciken kuma shi ne lissafta alheran da aka samu a wannan yini. Ɗariku biyu da suka yi jayayya a kan abubuwa da yawa sun haɗu a nan.

Sa'ad da jirgi bai komo ba

Jarrabawar wannan koyarwa takan zo ne ranar masifa, ƙasar Yauri kuwa ta ga irin waɗannan ranaku. A ƙarshen watan Mayu na 2021 wani jirgin ruwa da aka yi wa lodin mutane fiye da 150 ya kife kusa da Wara, waɗanda aka ceto da rai ba su wuce wajen 20 ba. Ba a cika wata guda ba, ranar 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka tafi da ɗalibai da malamai masu yawa, Musulmi da Kirista, 'yan mata na ƙarshe kuwa ba su ga gida ba sai a 2023. A watan Nuwamba na 2025 irin wannan ta auku a makarantar Katolika ta Papiri, a ƙasar Agwara da ke ƙetaren ruwa, inda aka kwashi yara fiye da 200, aka sako na ƙarshensu gab da Kirsimeti.

A nan ne tambaya mafi wuya ke tasowa, wadda duk mai kiwon ikilisiya a bakin ruwa ya san ta: in wanda ya tsira ya miƙe ranar Lahadi don ya ba da shaida, ya ce Allah ya fisshe shi, me za a ce da matar da ke zaune a benci na uku, wadda mijinta ko ɗanta bai fito ba? In uwar da 'yarta ta komo ta shigo da rawa, ina za a sa idon uwar da har yanzu take jira?

Waɗansu suna ganin kada a hana mai godiya godiyarsa, gama ɓoye ni'ima butulci ne, shaidar wanda ya kuɓuta kuma ita ke ƙarfafa mai jira. Suna kafa hujja da Zabura ta 107, wadda ta jera mutane iri huɗu, waɗanda suka ɓace a jeji, da ɗaurarru, da marasa lafiya, da matuƙan jirgi da hadari ya rutsa da su, kowannensu ya yi kuka aka cece shi, aka kuma kira shi ya yi godiya a gaban taro. Kai ka ce da mutanen Kuwara aka rubuta ta.

Waɗansu kuma, musamman tsofaffin fastoci da suka binne mutane da yawa, suna sa sharaɗi: kada mai shaida ya jingina tsirarsa ga yawan azuminsa ko zakkarsa, domin yin haka yana nufin wanda ya nutse ya gaza ne a ibada, alhali Almasihu da kansa ya hana irin wannan hukunci sa'ad da aka ba shi labarin mutanen da hasumiya ta fāɗa a kansu. A ganinsu godiyar mai tsira ba ta cika sai ta ambaci waɗanda ba su tsira ba, ta kuma bi sawun ƙafarta zuwa gidan makoki da mudun hatsi da kuɗin makarantar maraya.

Ga wanda aka yi wa rashin kuwa, ba a tilasta masa ya gode saboda mutuwa ko saboda zalunci, gama an umarci mai bi ya yi godiya cikin kowane hali, ba a ce ya kira mugunta alheri ba. Annabi Ayuba ya yage tufafinsa ya aske kansa kafin ya albarkaci sunan Ubangiji. Wani fasto Bajamushe, Martin Rinkart, wanda ya yi hidima a garin Eilenburg a zamanin yaƙin shekara 30, ya binne dubban mutane a annobar 1637, har da matarsa, amma daga alƙalaminsa, a cikin zamanin wannan yaƙi, ɗaya daga cikin shahararrun waƙoƙin godiya na Kiristocin duniya ta fito. Abin da irin waɗannan bayin Allah ke gode wa shi ne abin da ruwa ba ya iya ci: gafara, da kasancewar Allah tare da su, da begen tashin matattu.

Ambulan da lasifika

Saɓani na biyu a kan kuɗi yake. A garuruwa, bikin godiya na shekara ya zama babbar hanyar samun kuɗin ikilisiya: ana raba ambulan tun da makonni, ana naɗa shugaban taro da babban baƙo, ana kiran iyali-iyali da ƙungiya-ƙungiya su fito da rawa, a wasu wurare har a faɗi adadin abin da kowa ya bayar, sa'an nan a yi gwanjon kayan gona da aka kawo.

Masu kāre wannan tsari ba su rasa hujja ba. Suna cewa cocin ƙauye ba shi da wani asusu a ƙasar waje, da abin da aka tara ranar nan ake sayen kwanon rufi, a biya ɗan alawus na mai bishara, a taimaki gwauraye. Suna kuma tuna cewa Sarki Dawuda ya ƙi miƙa wa Allah hadayar da bai biya kome a kanta ba. Godiyar da ba ta taɓa aljihu, in ji su, galibi ba ta taɓa zuciya ba.

Masu sūka kuwa suna tsoron riya. Sun ce akwai matan da ke ƙin zuwa sujada ranar godiya don ba su da ankon Zumunta ko abin sa wa a ambulan, akwai kuma magidantan da ke cin bashi don kada a ji sunansu da ƙaramin adadi. Suna tunatar da cewa Almasihu ya yabi gwauruwar da ta jefa 'yan anini biyu fiye da mawadata, kuma mutumin da ya fi kowa iya tsara kalmomin godiya a cikin misalansa shi ne Bafarisiyen nan da ya gode wa Allah don bai zama kamar mai karɓar haraji ba, ya kuwa koma gida ba a karɓe shi ba. Ashe godiya ma tana iya ruɓewa ta zama alfahari, in mai yin ta ya sa ido a kan maƙwabcinsa.

Akwai kuma wata koyarwa da ta yaɗu ta rediyo da wayar hannu, mai cewa baikon godiya iri ne da ake shukawa don a girbi ninki. Duk wanda ya san Littafi zai ga haɗarinta, gama ta mai da godiya ciniki, ta mai da Mai ni'ima abokin cinikin da ake bi bashi. Ranar da ribar ba ta zo ba kuwa, bangaskiyar mai shukar ce ke karyewa.

Godiya ce ko kasala?

Matasa masu ilimi suna da nasu ƙorafin, bai kuma kamata a yi watsi da shi ba. Sun ce kalmar "mun gode Allah" ta zama murfin da ake rufe kowace magana da shi: wutar Kainji tana haskaka birane masu nisa alhali ƙauyuka da yawa na gaɓar tafkin suna kwana cikin duhu, a ce mun gode Allah, kifi ya ragu saboda taru mai ƙananan idanu da ke kwashe har 'ya'yan kifi, a ce mun gode Allah, a cika jirgi fiye da ƙima, ba rigar ruwa, ga kututturan itatuwa a ƙarƙashin tafki tun zamanin da aka tare ruwan, in an haye lafiya a ce mun gode Allah, gobe a sāke.

Maganarsu tana da gaskiya, amma laifin ba na godiya ba ne, na fahimtar da aka yi mata ne. Manzo Bulus, wanda ya fi kowa yin wasiyya da godiya, shi ne ya gargaɗi masu jirgin da ke kai shi Roma kada su tashi a mugun lokaci; da suka ƙi ji hadari ya kama su kwana 14, su 276, shi ne ya hana matuƙan su gudu su bar fasinja, shi ne kuma ya ɗauki gurasa a tsakiyar hadarin ya yi godiya a gaban kowa, ya sa suka ci suka sami ƙarfi. A Filibi ya raira yabo da tsakar dare cikin kurkuku, da gari ya waye kuwa ya ƙi fita a ɓoye, ya ce sai mahukuntan da suka doke shi ba bisa shari'a ba sun zo da kansu.

Saboda haka wanda ya gaskata cewa rai kyauta ce daga Allah, shi ya fi cancanta ya ƙi shiga jirgin da ya yi lodi fiye da ƙarfinsa, ya sa rigar ruwan da hukumomi ke rabawa, ya kuma tambayi masu mulki inda tsaron makarantu ya kwana. Wanda ya ce tafki ni'ima ce, ba zai kwashe ƙwan kifinsa ya bar jikoki da ruwa fanko ba. Kiyaye amana reshen shukura ne.

Abin da maƙwabta suka sani

Kiristan Yauri ba ya rayuwa shi kaɗai, gama a cikin Kambari da Dukkawa akwai gidajen da wa ke zuwa masallaci ƙane na zuwa majami'a, suna noma gona ɗaya, suna shiga jirgi ɗaya. In aka gaishe shi da aiki ya ce da godiya, in aka tambaye shi ruwa ya ce ya yi gyara, daidai da yadda ɗan'uwansa Musulmi zai amsa. Musulmi yana buɗe kowace raka'a da hamdala, ya san alkawarin Alƙur'ani mai girma na ƙari ga masu godiya, ya kuma san sujadar shukura da ake yi in wani alheri ya sauka.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe babi guda na haƙuri da shukura a cikin Ihya'u Ulumiddin, inda ya bayyana cewa shukura tana tsayuwa a kan abu uku: sanin cewa ni'ima daga Allah take, farin cikin zuciya da Mai bayar da ita, da yin aiki da ita cikin abin da yake so. Akwai bambance-bambance na aƙida tsakanin addinan biyu waɗanda ba a ɓoye su, gama Kirista yana miƙa godiyarsa ta wurin Almasihu ne, babban abin godiyarsa kuma shi ne fansa. Amma a kan cewa butulci cuta ce mai kashe zuciya, limamin masallaci da na coci ba su da jayayya. A lokacin da ake neman raba mutane da sunan addini, wannan tushe ne da za a iya gina amincin unguwa a kansa.

Gyaran da ke hannunmu

Maganin bai fi ƙarfin kowace ikilisiya ba, kome ƙanƙantarta. Na farko a gida yake: iyaye su komo da addu'ar iyali ta safe da ta dare, su saba wa yara da ambaton alheri guda da sunansa kafin a roƙi wani abu, su kuma haɗa da sunayen mutanen da alherin ya biyo ta hannunsu, ko ungozoma ce ko matuƙin jirgi ko maƙwabcin da ya ba da aron iri, ko da ba addininsu ɗaya ba.

Na biyu a majami'a yake: a daina shelar adadi, a karɓi ƙwaryar gyaɗa da irin fuskar da ake karɓar ambulan mai kauri, a keɓe rabo sananne daga kayan godiya don gwauraye da marayu da waɗanda rashin tsaro ya kora daga ƙauyukansu, a kuma ba makoki wurinsa a cikin sujada, domin mai baƙin ciki ya san cewa ba sai ya yi murmushin dole ba kafin a lissafta shi cikin masu godiya.

Na uku kuwa a kan masu wa'azi yake, waɗanda ya wajaba su koyar da cewa godiya farilla ce ta kowace rana a kan mai shi da marar shi, su kuma auna nasarar bikin shekara da yawan gidajen da suka ci abinci saboda shi. Tsarar da ta ga ruwa ya ci gungu tana ƙarewa, waɗanda suka rage kaɗan ne. Ya kamata a zaunar da su gaban matasa tun suna da rai, su faɗi da bakinsu yadda aka yi suka rasa ƙasar haihuwa ba su rasa godiya ba, domin matasan nan suna fuskantar nasu zamanin na tsanani, kuma za su buƙaci wannan ilimi fiye da kowane gini da ikilisiya za ta bar musu.